Tukunyar Ummu Salim

Ku biyun nan kun daɗe kuna ba da labarin shekarar da babanku ya rasa aikinsa na kamfani, kuma kowa da irin nasa. Kai Sadiq, abin da ka gaya wa matarka shi ne na ɗauki ƙafa na je gidan Larabawa na durƙusa, na zubar wa babanku da mutunci, aka kuma sallame shi duk da haka. Ke kuwa Hafsa, har yau idan ranki ya ɓaci sai ki ce da Mama ta buɗe baki da ba a raba ki da makarantarki an tura ki Kano ba. Ɗaya yana cewa na yi roƙo, ɗaya tana cewa na ƙi yi. Tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, duk da cewa ni da na je ɗin ban gama gane shi ba har yanzu. Allah ya sa in faɗi daidai.

Sai na fara da yadda Dubai ta karɓe mu, don ku kun tashi kun tarar da komai a shimfiɗe. Lokacin da muka zo, babanku ya sha yawon neman gida. A waya komai lafiya, ejan zai ce fulat ɗin yana nan, ku zo ku gani. Da mun isa ya dube mu, sai ya tuna ashe an kama shi jiya. Wani ma bai wahalar da kansa da ƙarya ba, ya ce mai ginin ba ya son 'yan Afirka, wai suna da hayaniya kuma girkinsu yana da ƙarfi. Ni a lokacin ban ma san ni 'yar Afirka ba ce ta wannan fuskar. A Kano ni 'yar cikin gari ce, jikar malamai, wadda ta yi makarantar kwana. Da ƙyar muka samu wanda kuka sani a Al Nahda, hawa na sama, tagar kicin tana kallon motocin da ke jerin gwano zuwa Sharja. A lif ɗin ginin ne wata rana, ina riƙe da hannun Hafsa, wata farar mata ta dube ni da fara'arta ta tambaye ni wace madam nake wa aiki, kuma ko ina da lokaci ranar Asabar. Na ce mata a nan nake zaune. Ta ce ta sani, wane gida take nufi. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Da babanku ya dawo na ba shi labari, sai ya tsaya yana cire takalmi yana dariya.

"Da kin tambaye ta nawa take biya, Rabi. Wataƙila ta fi kamfaninmu."

Haka yake, kun san shi. Abin da ya fi ci masa rai shi yake mayarwa abin dariya. A kamfanin nan na jigilar kwantena, shi da wani Bature suke matsayi ɗaya, kowa da sashensa, amma albashinsu ko kusa. Ya kan ce a garin nan fasfo ake biya, mutum rakiya kawai yake yi. Duk da haka bai taɓa fashin aiki ba, domin aikin nan shi ne komai namu. Bizarmu a jikinsa take rataye, kuɗin makarantar Hafsa kamfanin ne ke biya, hayar gidan ma haka. Idan aikin ya tafi, duk za su bi shi.

A shekarar da nake ba ku labari, Sadiq yana Zariya yana jami'a, Hafsa kuma tana ajinta na ƙarshe a sakandare. Sai aka matsa wa kamfanoni da dokar cewa dole su ɗauki 'yan ƙasa a manyan kujeru, ba baƙi kaɗai ba. Aka kawo wa babanku wani yaro ɗan ƙasa mai suna Salim, aka ce ya koya masa aiki. Na ɗauka zai zo gida yana ƙorafi, sai na ji akasin haka. Kullum Salim ya yi kaza, Salim ya ce kaza. Yaro ne mai ladabi, ba ya zama sai an ce ya zauna, yana kiransa Ammi, wato baffa, tare suke sallar azahar. Da azumi ya zo, ana gab da shan ruwa, sai ga direba a ƙofa da wata ƙatuwar tukunya mai murfi, an naɗe ta da zane, ya ce daga mahaifiyar Salim. Harisa ce a ciki, alkama da nama da aka tuƙa har suka zama ɗaya, man shanu yana yawo a sama. Muka ci, muka ba maƙwabta. Na wanke tukunyar na ɗora a saman firij, ina cewa sai na sami abin kirki na zuba sannan in mayar, domin ni dai ban tashi na ga ana mayar da kwanon mutane babu komai a ciki ba.

Tukunyar tana nan a saman firij aka yi salla, aka kwana biyu, sai ranar nan babanku ya dawo tun kafin la'asar. Ya zauna a falo bai cire takalmi ba. Na kawo ruwa bai sha ba. Can ya ce manaja ya kira shi, ya gode masa, ya ce ƙarshen wata mai zuwa Salim zai karɓi sashen. Kujerun biyu ne, tasa da ta Baturen, doka tana neman ɗaya, sai aka zaɓi tasa. An kuma roƙe shi kada ya yi maganar a ofis har a gama shiri.

Na ce, "To shi Baturen fa? Ai ka riga shi zuwa."

Ya ce, "Shi idan aka taɓa shi akwai inda zai kai ƙara a saurare shi. Ni wa zan kai wa, ke?"

Na ce, "Yaron da ka koya wa aiki da hannunka, Alhaji?"

Ya ce, "Ba shi ya rubuta dokar ba. Tashi ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri."

Washegari da ya fita, na haye wajen Maman Chidi. Kun tuna ta, Ngozi, nas ɗin nan da ke fulat ɗin da ke kallon namu, wadda aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausarta ta fi taku fita. A Kano da wuya mu haɗu, domin tun zamanin Turawa aka yanka garin, su can mu nan, kuma mu 'yan matan cikin gari ba a barinmu mu ƙetara sai da dalili. Sai a Dubai muka zama 'yan uwa, tunda a nan duk sunanmu ɗaya. Ta dawo daga aiki ke nan tana jiƙa ƙafa a ruwan zafi, na zauna na zazzage mata. Na ce wannan wace irin doka ce, a ɗauki kujerar wanda ya iya a ba wanda bai gama koyo ba don kawai a nan aka haife shi? Na ce Allah ba ya son wannan. Ta bar ni na yi ta yi har na gaji.

"Hajiya, wace makaranta kika ce kin yi ma?"

Na faɗa mata, ta 'yan mata ta gwamnatin tarayya, ta sani sarai.

"Ni ma na zauna jarrabawar shiga makarantar nan. Makin da na ci ya wuce wanda ake nema a wajen 'yan Kano nesa ba kusa ba. Aka ce ni ba 'yar Kano ba ce, a auna ni da ma'aunin jihar babana, inda ban taɓa yin wata guda ba. Ban samu ba. Ke kin samu. Ban ce kujerata kika zauna ba fa, amma dai wata ta zauna."

Na ce ai wannan daban ne, mu an bar mu a baya ne, ba a gina mana makarantu da wuri ba, mahaifiyata ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko, idan ba a ɗaga mana ƙafa ba yaushe za mu kamo?

"To su ma idan kika tambaye su haka za su ce miki. Ƙasarsu ce, baƙi sun cika kowane ofis."

Na ce, "Wato kina bayansu ke nan?"

"Ina bayan wa? Ni da ke ake matsawa gefe a lif. Ban ce daidai ba ne, ban ce ba daidai ba ne, na dai ce na san ɗanɗanonsa kafin ke." Ta ciro ƙafa ɗaya daga ruwan ta goge. "Amma in gaya miki gaskiya, da a lokacin na san ƙofar da zan je in buga, wallahi da na buga. Ba ku Kanawa ne sarakan kamun ƙafa ba? Yaron nan ba shi da uwa ne?"

Da wannan na dawo gida, na tsaya a kicin ina kallon tukunyar. A wajenmu ai haka ake yi. Idan abu ya gagara tsakanin maza a ofis, mace ta yafa mayafi ta je wajen uwar wanda abin yake hannunsa, ta gaishe ta, ta yi mata bayani, uwa kuma ta kira ɗanta ta ce kai, ka duba lamarin mutanen nan. Na ga mahaifiyata ta yi, na ga an zo an yi a gidanmu. Ban tsaya tambayar ko su ma haka suke yi ba. Abin da na shirya faɗa kaɗan ne: Salim ya ce wa manaja ba zai hau kujerar ba sai an bar wanda ya koya masa, ko da zuwa lokacin da Hafsa za ta gama jarrabawa ne. Na san idan na gaya wa babanku zai hana ni, don haka ban gaya masa ba. Na kwana biyu ina aikin dambun nama, na daka, na soya, har ya yi laushi kamar auduga, na yi alkaki na jera a kai, na naɗe tukunyar da zanen da ta zo da shi. Na kira direban nan na ce zan dawo da kayan mutane da kaina, ya kwatanta wa mai tasi gidan, cikin tsoffin gidajen 'yan ƙasa da ke bayan unguwar Abu Hail.

A hanya ina ta maimaita Larabcina, rabi na Islamiyya rabi na kasuwa, ina kuma zana matar a raina. Na ga farar Balarabiya a kan kujera mai ruwan zinari, awarwaro har gwiwar hannu, tana kallona daga sama. Na shirya wa wannan kallon, na ce ko me za ta yi mini zan haɗiye saboda Hafsa. Da na buga ƙofa, wata yarinya 'yar Habasha mai aiki ta buɗe, ta dube ni, ta dubi tukunyar, ba ta tambaye ni komai ba ta zagaya da ni ta ƙofar baya, ta wajen kicin. Ban yi mamaki ba, na saba. A tsakar gidan, ƙarƙashin wata bishiyar dabino, wata tsohuwa tana zaune a kan 'yar kujera tana gyaran kifi a faranti. Baƙa ce wuluk, ta fi ni baƙi, hannayenta duk ɓawon kifi, ƙafarta babu takalmi. Na yi mata sallama ta amsa. Na ajiye tukunyar na ce mata don Allah ta yi mini iso wajen uwar gida, Ummu Salim.

Ta ɗago ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ke ƙarewa da tari, har yarinyar ta kawo mata ruwa.

"Ke ma?" in ji ta. "Mai gyaran famfo ya yi mini, mai kawo gas ya yi mini, yau kuma ga 'yar uwata. Ni ce Ummu Salim, binti, 'yata. Yalla, zauna, kafin ki faɗi."

Ban san yadda aka yi na zauna ba. Abin da matar lif ta yi mini na kwana ina kuka, shi na ɗauko tun daga Al Nahda na kawo wa baiwar Allah har tsakar gidanta. Na shiga ba ta haƙuri, Larabcin ya watse, ina haɗawa da Hausa. Ta ce khalas, ya wuce, ta wanke hannu ta ja ni falo, ta sa aka kawo gahawa da dabino. Da ta buɗe tukunyar ta ga ba a dawo da ita haka nan ba, sai ta dafa ƙirji ta ce ashe ku ma haka kuke yi. Ta ɗebi dambun ta ɗanɗana, ta tambaye ni wane irin nama ne wannan da ba ya neman haƙori, ta ce lallai Allah ne ya turo ni don nata sun ƙare.

Daga nan hira ta ɓalle, ita ce mai yawan maganar, ni ina kama abin da na iya kamawa, inda na ɓace ta ce shwaiya shwaiya, wato a hankali, ta sake faɗa. Ta ce mahaifinta mai nutso ne a teku, yana ciro lu'ulu'u tun kafin a san da man fetur. Ba don kansa yake nutson ba. Shi na gidan mai jirgin ne, kamar yadda igiyar da ake ɗaura masa take ta gidan. Kakanta daga wajenmu aka kawo shi, ta ƙetaren teku, ba su san daga wane gari ba, har ta dube ni da kyau ta ce wa ya sani ko daga naku ne. Gishiri ya cinye idon mahaifin nata kafin ya tsufa. Da aka buɗe makarantar 'yan mata, ita ce take ɗaukar wa 'yar gidan jaka ta raka ta har bakin ƙofa, ta zauna a inuwa ta jira a tashi. Ta ce yanzu alhamdulillahi, takardar ƙasa iri ɗaya ce da ta kowa, gidan nan ma ba su aka yi, ba ta da abin cewa sai godiya. Amma har gobe akwai gidajen da Salim ba zai kai kansa neman aure ba, kuma ba sai an gaya masa ba.

Tana wannan maganar, ni kuwa sai ga Iya Kande a idona, matar da na yi shekaru ban tuna da ita ba. A gidan kakata a cikin gari take, tsohuwa ce, kullum a bakin ƙofar ɗaki take zama, ba ta hawa tabarmar da kakata take kai, sai an gama ci take ci. Idan muka tambaya sai a ce ai 'yan gida ne, tun kakanni. Jikanta ya yi karatu ya zama malamin makaranta, ya nemi wata 'yar baffanmu, aka ce masa an riga an yi mata miji, alhali ba a yi ba. Muna yara ba mu ga komai a ciki ba. Ina zaune a falon Ummu Salim, finjalin gahawa a hannuna, sai na rasa ko ni wace ce a cikin labarin nan, 'yar da ake rakawa da jaka ko mai ɗaukar jakar.

Sai ta jawo wayarta ta nuna mini hoton wata ƙofa ta gilashi.

"An ce a nan za a rubuta sunansa. Ni ban iya karatu ba, amma na ce masa ranar da aka rubuta sai ya kai ni na shafa da hannuna. Tun daga kakana har yau babu wanda aka taɓa rubuta sunansa a ƙofa."

Na san ƙofar. Na taɓa zuwa ofishin sau ɗaya, sunan babanku ne a jikinta.

"Duk albarkacin mijinki ne," in ji ta. "Babu sallar da ba na sa shi a addu'a. Na ce wa Salim ya riƙe shi kamar uba, su yi ta aiki tare har tsufa."

Ashe ba ta sani ba. Maganar tana nan a bakina, na jera ta tun a tasi, kalma bayan kalma. In na faɗa, na san matar nan za ta kira ɗanta a take, kuma na san abin da za ta ce masa. Na dubi hannunta da ke riƙe da wayar, duk tsagar wuƙa da ƙayar kifi. Na tuna Hafsa da littattafanta a baje a kan gado. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa Allah ya sanya albarka, Allah ya sa ya shiga a sa'a. Ba shawara na yanke ba, kada ku ɗauka wani tunani mai zurfi na yi. Harshena ne kawai ya ƙi. Da na tashi tafiya ta rako ni, ta babbar ƙofa wannan karon, ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Binti, akwai magana a bakinki."

Na ce, "Babu, Umma. Tukunya na dawo da ita."

Da na dawo, Maman Chidi tana jirana a bakin lif. Ta ce na faɗa? Na ce ban faɗa ba. Ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Chineke! Wato dambu kika kai musu na murna?" Na ba ta labarin tsohuwar, ta ce ita dai da ita ce da ta faɗa, daga baya ta yi kukan. Na ce wataƙila ita ce mai gaskiya. Har yau ina cewa wataƙila.

Wata ya ƙare, babanku ya kwaso 'yan kayansa a kwali ya dawo gida, aka soke bizar. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka buga ƙofa, na leƙa na ga wani dogon saurayi baƙi cikin farar kandura, doguwar rigar mazansu, rungume da tukunyar nan a naɗe da zanenta. Ranar na fara ganin Salim. Ya gaishe ni ya sunkuyar da kai, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar babanku duk da an nuna masa kujera. Ya ce shi manaja ya gaya masa reshe za a canja wa Ammi, ƙarin girma ne ma. Mahaifiyarsa ce ta dame shi, kullum sai ta ce matar nan ta zo da magana ta koma da abarta, ka je ka ji mene ne. Da ya bincika ya gane, ya je wajen manaja, aka ce masa an makara, takardu sun riga sun wuce.

"Wallahi Ammi, da na sani kafin a soke, da na ce ba zan karɓa ba sai an bar ka. Sun fi buƙatar sunana a takardunsu fiye da yadda nake buƙatarsu. Da sun saurare ni. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Yana faɗa yana share ido da gefen rawaninsa. Babanku ya dafa kansa ya ce ya riƙe aikinsa da kyau, ya kula da direbobin dare don su ne ake mantawa da su, kada kuma ya bari wannan ya hana shi barci. Da ya tafi, muka rage mu biyu a falon. Tukunyar tana tsakiya, ƙamshin shinkafa da kifi yana fita. A nan ne babanku ya fara jin cewa na je gidan. Na zauna ina jiran faɗa, na san na yi abu a bayan idonsa, kuma na san yadda yake da gudun a ce ya nemi alfarma.

"Har gidan kika je, Rabi?"

Na ce na je.

Ya daɗe yana kallon tukunyar. Sannan ya ce, a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba, "To me ya hana ki faɗa?"

Ke Hafsa, wannan ita ce maganar da kika jiyo daga ɗaki, kika rufe ƙofa da ƙarfi, ba ki ji sauran ba. Kai kuma Sadiq, a waya aka gaya maka Mama ta je gidan su yaron, ka ƙarasa sauran da kanka. Ga abin da ya biyo baya. Na ce masa, "Kai fa, Alhaji? Wata guda kuna ofis ɗaya, kuna sahu ɗaya a salla. Me ya hana ka faɗa masa?"

Ya ce, "Yaron yana ta murna. Ya ce zai kawo tsohuwarsa ta ga ƙofar."

Daga baya na ce masa bai taɓa gaya mini Salim baƙi ne ba. Ya ce bai ga abin faɗa a ciki ba. Na ɗauko faranti na zuba mana shinkafar, muka ci, don ba a barin abincin mutane ya lalace.

Sauran kun san shi. Wani Alhaji ɗan Nijar mai shagon kago, wato aika kaya, a unguwar Al Sabkha ya ɗauki babanku aiki, muka samu sabuwar biza, babanku ya koma auna kayan 'yan kasuwa yana rubuta rasit, mutumin da da yake juya jiragen ruwa da waya. Muka bar Al Nahda muka koma ɗaki ɗaya a Abu Hail, kicin na haɗaka. Kuɗin makarantar Hafsa ya fi ƙarfinmu, aka tura ta Kano wajen Yaya Asabe, inda aka ce karatun nan da na can ba ɗaya ba ne, sai ta maimaita aji. A filin jirgi ba ki waiwayo ba, Hafsa. Na tsaya har bayanki ya ɓace, ina cewa yanzu za ki juyo. Ban riƙe ki da wannan ba, ban kuma ce ba ki da hujja ba. Shekararki ce aka ɗauka, ba tawa ba, kuma ban nemi izininki ba kafin in yi shiru da ita.

Na sha zama a kan sallaya bayan na idar ina neman wanda zan ɗora wa laifin nan in huta. Idan na ce dokar zalunci ce, sai in ga mahaifina ɗauke da akwatina na ƙarfe a ka, yana raka ni tashar mota, duk layinmu an fito ana kallon 'yar da za ta makarantar gwamnati, sai kuma in ga Maman Chidi da ƙafarta a ruwan zafi. Idan na ce adalci ce, sai in ga babanku da kwalinsa. Idan na ce laifin manaja ne da ya tsallake Baturen, to wannan kam na tsaya a kai, amma ko shi ba ya warware mini komai, domin ba shi ya riƙe mini harshe ba, ba kuma shi ya sa na tambayi tsohuwa ina uwar gida ba. Na tambayi wani malami a masallacin unguwa, ya ce arziki na Allah ne. Na ce na sani, ba wannan nake tambaya ba. Ya ce to me nake tambaya? Na yi masa godiya na tashi.

Tukunyar dai ba ta daina tafiya ba. Duk azumi sai ta zo da harisa ta koma da dambu, kuma gidajenmu sun zama kusa, har da ƙafa nakan je. Ummu Salim ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma haka. Sau ɗaya kawai, muna zaune a ƙarƙashin dabinon nan, ta ce mini ta je ta shafa ƙofar, amma sanyi gare ta. Ban tambaye ta abin da take nufi ba.

Bara ta rasu, Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Na je gaisuwa, matan gidan suka zaunar da ni cikin dangi. Lokacin tukunyar tana hannuna, ni ce da kaiwa. Tana nan a saman firij har yanzu, a wanke, zanen a ninke a cikinta. Salim ya yi aure, yana nan a gidan da matarsa da 'yarsu. Kullum ina cewa gobe zan yi dambu in kai, goben ba ta zo ba, gwiwar ma ta fara ƙin tsayuwar daka.

Ba tamu ba ce, 'ya'yana. Idan Allah ya ɗauke ni tana nan, ku biyun ku kai ta tare. Sadiq, na san abin da za ka ce, ka riƙe shi a ranka ka ɗauki tukunyar. Hafsa, kin iya dambun, na koya miki kafin ki tafi. Ku shiga ta babbar ƙofa, ku gaishe da duk wanda kuka tarar a tsakar gida kamar shi ne mai gidan, kuma kada ku mayar da ita babu komai a ciki.